Sauƙin Tsari da Tsaron Hanyoyin Sadarwar Kwamfuta

A shekarar 1975, Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT a Amurka sun zayyana ƙa'idoji takwas na kare bayanai a kwamfuta. Wadda suka sa a gaba ita ce a yi tsari ƙarami, marar sarƙaƙiya, iya gwargwadon iko. Hujjarsu ita ce ɓarakar tsaro ba ta nuna kanta a amfanin yau da kullum, don mai gaskiya ba ya bi ta hanyar ɓarawo. Sai an zauna an bi rubutun manhaja layi-layi ake gano ta, kuma abin da ya fi ƙarfin karatun mutum ya fi ƙarfin bincikensa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne hujjar nan tana nan daram, sai dai ana yawan yi mata gurguwar fahimta.

Magina gidan Hausa sun san dalilin da ya sa ake yin zaure guda: mai gida na zaune yana ganin mai shiga da mai fita. Duk wani ƙarin aiki da aka cusa wa manhaja ƙofa ce da aka huda a bayan gida.

Mu ɗauki ɓarakar Heartbleed da aka bankaɗo a watan Afrilun 2014 cikin OpenSSL, manhajar da ke sirranta saƙonnin ɗimbin shafukan intanet. An ƙara mata wani ɗan aiki na tabbatar da cewa layi bai yanke ba: kwamfuta ta aika da kalma, ta faɗi tsawonta, sabar ta maido mata. Sai aka manta ba a sa sabar ta auna kalmar ba. Mugu sai ya aika da harafi uku, ya ce ai dubu sittin ne. Ita kuwa ta maido masa ukun, ta cike gibin da duk abin da ta tarar a ƙwaƙwalwarta, har kilobayit 64 a kowane zuwa, ciki har da kalmomin sirrin mutane. Shekara biyu bangon na tsage, ƙadangaru na da wurin shiga. Abin takaicin ma, yawancin shafukan da abin ya shafa ba su da buƙatar wannan aikin. Da masu OpenBSD suka ɗauki manhajar don su gina LibreSSL, share dubun dubatan layuka suka fara yi.

WireGuard ta Jason Donenfeld, manhajar sirranta sadarwa wadda ta shiga Linux a 2020, ta bi wannan turbar tun daga tushe. Layukanta kusan 4,000 ne, kuma ba ta ba da zaɓin hanyoyin sirrantawa barkatai, balle a yaudare ta ta koma kan mai rauni.

Akwai ƙorafi mai nauyi dai. Ƙa'idar BGP, wadda kamfanonin sadarwa ke sanar da juna hanyoyi da ita tun 1989, ita ma sauƙi gare ta: abin da maƙwabci ya faɗa shi ke nan, an gaskata. A Nuwamban 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da Sin na fiye da sa'a guda. Ashe sauƙin ma na iya jawo ɓarna? A ganina, ba ƙanƙantar BGP ce ta jawo hakan ba. Cutarta ɗaya da ta Heartbleed: an karɓi magana ba tare da tantancewa ba. Abin da ya cancanci a rage shi ne yawan ƙofofi. Mai gadin zaure kuwa ba ya cikin kayan ado. Masu tsara TLS 1.3, ƙa'idar sirranta saƙonnin intanet, sun fahimci haka a 2018, suka zubar da hanyar sirrantawa ta RC4 da matse bayanai da sauran tsofaffin zaɓuɓɓuka, suka bar tantancewa a inda take.

Don haka ina kira ga masu kula da sadarwar jami'o'i da bankuna da ma'aikatu: kafin ku nemi kuɗin sabuwar na'urar tsaro, ku rubuta duk ayyukan da ke buɗe a sabobinku, kowanne da sunan mai amfani da shi. Wanda aka rasa mai shi, a rufe shi.