Ajiyar Fayil a Zamanin Vista

A watan Janairun 2007 kamfanin Microsoft ya fitar da Windows Vista, amma da ta yi wa kwamfutoci da yawa nauyi, sai jama'a suka riƙa komawa Windows XP ta 2001. A nan ne aka ga aibin tsarin ajiyar fayil na wancan lokaci: gaba kawai yake kallo. XP tana da manhajar NTBackup mai dunƙule komai cikin fayil na .bkf, Vista kuwa ta yi watsi da ita ta kawo nata salon. Kamfanin ya tanadi ƙaramar manhaja domin mai Vista ya buɗe tsohuwar ajiya, amma wanda ya koma baya, NTBackup ba ta san ajiyar Vista ba sam.

Wani zai ce ai ba a tsammanin tsohuwar manhaja ta gane abin da aka ƙirƙira bayanta. Gaskiya ne, sai dai kamfanin da kansa ya halatta wa masu Vista Business da Ultimate komawa XP, don haka ya san za a bi hanyar. Abin da ya ceci mutane shi ne Vista tana zuba fayilolin cikin ZIP, tsarin da Phil Katz ya fito da shi a 1989 ya kuma bayyana wa kowa sirrinsa. XP na buɗe ZIP, sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwashe kayansa da hannu.