Daga Basfa Zuwa Fawa-Baik: Tarihin Babur a Jos da Shawarar da Na Yanke

  

A 'yan watannin nan wata shawara ce ta hana ni sukuni. Kusan shekara biyu ke nan ina zuba adashi da ɗan abin da nake samu a shagon mahaifina, da niyyar in sayi abin hawa, in huta da jiran Keke kullum safiya daga Unguwar Rogo zuwa Taminus, da kuma zirga-zirgar Bukuru duk ranar da aka aike ni kai kaya ko karɓo kuɗi. Da ɗaukata ta matso, sai zuciyata ta rabu biyu. Ɗaya tana son babur ɗin nan mai ƙara da gudun tsiya, wanda samari ke kira fawa-baik, domin an nuna mini wani ɗan Kwatano da idan na ƙara da bashi zan iya saya. Ɗayar kuma tana cewa in nemi ƙaramin mashin irin sikuta, in rufa wa kaina asiri.

Da na kai maganar gaban Baba, bai ce in saya ba, bai ce kar in saya ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, ka san ko da wane ido ake kallon mai babur a garin nan? Je ka tambaya tukuna, sannan ka dawo mu yi magana." To, mai karatu, abin da na samo daga wannan tambaya shi ne na ga ya dace in kawo mana yau.

Kafin Zuwan Babur

Kowa ya san kuza ce ta tara mutane a Jos. Kakanninmu sun zo daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi da Barno, wasu leburori a filin haƙa, wasu 'yan koli, wasu mahauta, wasu malamai. A farkon lamarin, a ka da kuma a bayan jaki ake ɗaukar kuzar nan, a yi tafiyar kwana da kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai. Sai a 1914 ne ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, babban layi kuma ta Kafanchan ya iso a 1927. Shi ƙaramin layin an rufe shi a 1957.

A wancan zamani mota ta Turawan kamfani ce. Bahaushen da Allah ya buɗa wa, kekensa Raleigh ne, kuma dattawa sun ce idan mutum ya sayi sabo har gida ake zuwa yi masa murna. Ke nan tun asali abin hawa a garin nan yana faɗa wa jama'a matsayin mai shi tun kafin ya buɗe baki.

Zamanin Basfa

Ita Vespa, wadda iyayenmu ke kira Basfa, kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fito da ita a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar mutanensu cikin talauci da lalatattun hanyoyi. Wanda ya tsara ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne, kuma ba ya son babur saboda datti da wahalar hawansa. Don haka sai ya ɓoye injin a baya, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu, ya bar fili a tsakiya yadda mutum zai zauna kamar a kan kujera ba tare da ya ɗaga ƙafa ya haye ba. Ma'anar sunan a harshensu shi ne zanzaro, kuma duk wanda ya dubi siririn ƙugunta da faɗin bayanta zai gane dalili.

Bature ya yi ta ne domin mai kwat da mai siket, amma sai ga shi kamar don mai babbar riga aka ƙera ta. Ba sarƙa a waje da za ta kama gefen riga, ba baƙin mai a wando, taɓon damina kuma garkuwa ta tare shi. Shi ya sa malaman makaranta, akawuna da 'yan kasuwa suka rungume ta. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975, kasuwar babura ta buɗe sosai, Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki suka cika gari. A 1979 ma kamfanin Honda ya kafa reshensa na harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

Baba ya ce a wajejen nan ne ya sayi tasa Basfar, ta hannu, kuma a kanta ya riƙa zuwa zance wajen mahaifiyarmu daga baya. Ya ce a lokacin idan aka ga mutum a kan babur, abin da ake fara tunani shi ne wannan yana da aikin yi.

Can a Japan kuwa, Honda ta fito da Super Cub a 1958. Ta ɗauki zaman sikuta da garkuwar ƙafa, amma ta sa mata manyan tayoyi masu inci 17 irin na babur, ta kuma cire kulocin hannu. Zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Wannan roba-roba da muke gani yau a ko'ina, ta China ce ko ta ina ce, jikanyarta ce.

Zamanin Goyin

Abubuwa sun juya ne a shekarun 1980. Kuza ta riga ta mutu, kuɗin mai ya ja baya, sannan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar Naira ta karye. Motar haya da kayan gyaranta suka yi tsada, masana'antu suka rage ma'aikata. Sai mutumin da ya sayi babur don zuwa ofis ya koma ɗaukar fasinja da yamma domin cefane. Abin da Kanawa ke kira acaɓa, mutanen Sakkwato kabu-kabu, na Kudu okada, mu a nan muka ce goyin.

Da aka shiga shekarun 2000 sai Jincheng da 'yan uwanta suka kwararo daga China da araha, Bajaj Boxer kuma daga Indiya. Mu a Jos akwai ƙarin dalili. A watan Fabrairun 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus, 'yan watanni kaɗan bayan rikicin 7 ga Satumban 2001. Mutane da yawa da suke da rumfa suka wayi gari ba jari, yaran shago suka rasa iyayen gida. Ga wanda ba ya da takarda, kuma ba ya da wanda zai tsaya masa a ofis, babur ne kaɗai kamfanin da ke ɗaukar ma'aikaci ba tare da tambayar takardar asali ba. Da yawa daga cikin yayyenmu na Gangare, Dilimi, Rikkos da Unguwar Rimi da goyin suka yi aure, da shi suka biya kuɗin makarantar ƙannensu.

To amma a nan ne mutuncin babur ya fara raguwa. Daga alamar mai aikin yi ya koma alamar mai neman na abinci, ga ganganci, ga haɗurra da suka cika asibitoci da masu karaya. A ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a duk faɗin ƙasa, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka, duniya ta yi mana dariya.

Zamanin Zargi

Mataki na uku shi ne mafi ciwo. Bayan rikicin Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, sai aka fara kallon babur ta fuskar tsaro. Gwamnatin Jonah Jang ta haramta goyin a Jos da Bukuru a 2010, kuma da aka zo aiwatarwa a tsakiyar shekarar sai da aka yi arangama har aka rasa rayuka. Ni lokacin ina yaro, abin da nake iya tunawa kawai shi ne babura a jere cikin zaure an lulluɓe su da buhu. Gwamnati ta ce tsaro da haɗurra ne dalili. Mutanenmu da yawa kuma suka ɗauka cewa su aka nufa, tunda su ne suka fi yawa a sana'ar. Gwamnatocin da suka biyo baya sun sha sake jaddada dokar.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba a Jos kaɗai aka yi ba. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, zamanin Nasiru El-Rufa'i yana minista. An hana babura a Maiduguri a 2011. A Kano ma, inda ba wanda zai ce ƙabilanci ne, an hana goyo a kan babur a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. A garuruwan Arewa da dama an yi lokacin da sai mai babur ya sauka ya tura abinsa kafin ya wuce shingen bincike.

Wani abin mamaki shi ne, Keken da ya gaji goyin ɗan gidan Basfa ne. A 1948 Piaggio ta ƙara wa Vespa taya ɗaya ta kira shi Ape, wato ƙudan zuma. Kamfanin Bajaj na Indiya ya riƙa ƙera irinsa da izininsu, daga can ya iso Legas zamanin Buba Marwa, ya zama Keke NAPEP zamanin Obasanjo, ya zama A Daidaita Sahu a Kano zamanin Malam Shekarau. Wato Basfar Baba ba ta mutu ba, rumfa kawai aka yi mata.

To Ina Fawa-Baik a Ciki?

Shi wannan babur ba a yi shi don zuwa kasuwa ba. Asalinsa filin tsere ne. Su Kawasaki Ninja da aka fara a 1984, da Suzuki Hayabusa na 1999 mai iya kaiwa kilomita 300 a awa, duk gasar gudu ce tsakanin kamfanonin Japan ta haife su. Iyakar gudun da doka ta yarda a cikin gari kuwa kilomita 50 ne. Daga Taminus zuwa Bukuru wajen kilomita 15 ne, ga shataletale, ga Keke na tsayawa ba sigina, ga 'yan talla. A ina zan yi gudun?

Na zauna da wani tsohon bakanike a Dilimi, ya lissafa mini sauran. Mai inji 600 da ƙyar ya ba ka kilomita 20 a lita, ita kuwa roba-roba mai 110 tana ninka haka har da ɗoriya, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tayar fawa-baik guda ɗaya sai ta ci kuɗin gyaran ƙaramin mashin na wata da watanni. Idan wani abu ya lalace sai an aika Legas, alhali kayan roba-roba ko yaro ka aika zai samo. Ba wajen ɗaure bandir ɗin yadi, ba yadda za a yi in ɗauki Inna zuwa asibiti a kan wannan ɗan tudun da ke bayansa. Zaman kuma a duƙe ne, ka yi tunanin mai kaftani ranar Juma'a. Sannan akwai batun rai. A Disambar 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya yi mummunan haɗari da irin wannan babur a Abuja, Allah ya yi da sauran kwana, aka fitar da shi waje magani. Ni wa zai fitar?

Ita ma sikuta tsantsa tana da aibinta, kada in yi mata son kai. Tayoyinta ƙanana ne, inci 10 ko 12, kuma lungunanmu dutse ne da rami, idan ruwan Agusta ya sauko kuwa ba ka gane rami da hanya. Ga ta ba ta da ƙarfin doguwar tafiya, wanda zai sauka Hawan Kibo ya nufi Akwanga kada ya ce ni na ba shi shawara. Ga kuma gorin abokai, wai mashin mata ne.

Shawarar da Na Yanke

Da na koma wajen Baba, na ce masa, "Baba, na gane abin da kuke nufi." A garin da ya sha wahala irin namu, babur iri uku ne a idon jama'a. Idan ka hau Boxer, ko naka ne na kanka, za a ɗauke ka ɗan goyin, kullum kana cikin nuna takarda da rantsuwa. Idan ka hau fawa-baik ka ratsa unguwar da ba taka ba, kowa sai ya ɗago kai, ana tambayar wane ne wannan, ina ya samu, me ya kawo shi. Idan kuwa ka hau ƙaramin mashin, ba wanda zai kalle ka sau biyu. Ni da sana'ata ke kai ni unguwannin Kirista da na Musulmi a rana guda, wannan rashin kallon ya fi mini gudu amfani.

Don haka roba-roba na saya, sabuwa, ba bashin kowa a kaina. Zaman Basfa gare ta, tayar babur gare ta. Na yi mata lamba, na sayi hular kwano ta gaske da rigar sanyi, takardunta kuma kullum suna ƙarƙashin kujera. Ragowar kuɗin Baba ya ce in zuba a jari, ya ware mini gefe guda a shago.

Ba na cewa son fawa-baik ya fita daga raina. Har gobe idan na ji ƙararsa a kan titin Bauchi sai na waiga. Wanda Allah ya hore wa, yake da motar zuwa aiki, yana son na nishaɗi ranar hutu, ba ni da ta cewa. Amma ɗan uwana da ke tara kuɗi kamar yadda na tara, kafin ka miƙa su ka tambayi kanka ina za ka riƙa zuwa, me za ka riƙa ɗauka, wa zai gyara maka, kuma su wa za ka riƙa wucewa a hanya.

Ranar da na kawo ta gida Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa garkuwar da yatsa, ya ce, "Tawa ƙarfe ce, taka roba. Allah dai ya tsare." Na ce amin.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Filato da ƙasa baki ɗaya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.