BUDAFEST: BIRNIN DA TURKAWA SU KA BAR WA RUWAN ZAFI

Mai karatu, in ka kalli fim ɗin Indiya mai suna Hum Dil De Chuke Sanam (1999), to ka ga Budafest, ko da ba ka sani ba. Darakta Sanjay Leela Bhansali ya ce mana wai Italiya ce, alhali babban birnin ƙasar Hangari ne. Gadar nan da Aishwarya Rai ta koma wa Ajay Devgan a ƙarshen fim ita ce Gadar Sarƙa, wadda aka buɗe a 1849 a kan kogin Danub. Haka kuma a fim ɗin Evita (1996) an ɗauki wasu sassa a nan da sunan Ajantina. Birnin ya saba aron fuskar wasu. Tasa fuskar kuwa sai ka bi ƙafa da ƙafa.

Ka soma da safe daga gadar. Ita ce ta farko ta dindindin da ta haɗa Buda mai tuddai da Fest mai shimfiɗe, kafin a dunƙule su da Obuda su zama gari ɗaya a 1873. Ka hau tudun Buda, za ka iske Cocin Matiyas. Lokacin da Sarki Sulaimanu na Daular Usmaniyya ya kama garin a 1541, masallaci aka mai da shi. Shekara 145 Turkawa su ka yi su na mulki a nan, har 1686 da rundunar Kiristocin Turai ta ƙwace garin bayan ƙazamin yaƙi. Masallatai da hasumiyoyi su ka bi ruwa. Daga cikin ɗan abin da ya tsira akwai hubbaren Gul Baba, wani sufi da ya rasu a 1541, wanda har gobe ana ziyartarsa.

Da azahar sai ka gangara Babbar Kasuwa, wadda aka buɗe a 1897. Jan barkonon da ake kira faffarika ne zai fara yi maka maraba, an rataye shi jeri-jeri. A zamanin Turkawa ya shigo ƙasar, yau kuwa ya zama tambarin girkinsu. Da shi ake yin guyash, wato farfesun naman shanu da dankali da albasa. Sunan ma ma'anarsa makiyayin shanu, don makiyaya ne su ka fara dafa shi a daji. Akwai kuma langosh, fulawa ce soyayya kamar fanke mai faɗi, ana shafa mata tafarnuwa da kirim mai tsami. Amma fa ka riƙa tambaya kafin ka kai loma, mutanen nan akwai su da naman alade.

To, sai batun ruwa. Ƙarƙashin birnin cike ya ke da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Tun zamanin Rumawa ake wanka da shi a garinsu na Akwinkum. Turkawa, da ya ke mutane ne masu alwala da wanka, sai su ka gina gidajen wanka masu ƙubba. Na Rudash, ginin ƙarni na 16, ya na nan ya na aiki: kwarmin wanka mai kusurwa takwas, ginshiƙai takwas, haske na ɗigowa ta ƙananan tagogin ƙubba. Ya na da lokutan maza zalla da na mata zalla. Daga baya 'yan ƙasar su ka gina nasu, irin su Seceni a 1913, inda ruwan ke fitowa da zafin da ya haura digiri 70 sai an sirka, dattawa kuma na buga dara ta Turawa su na jiƙe har ƙirji.

Ka lura da wani abu. Waɗanda su ka ci yaƙin 1686 ba su bar ƙubbar Rudash don ƙaunar Turkawa ba. Sun bar ta ne don su ma su na da ciwon gwiwa da gajiya. Masallacin da aka kori masu salla a cikinsa ya rasa mai kare shi. Gidan wanka kuwa bai taɓa rasa mai shiga ba. Ginin tarihi ba ya rayuwa da yabo, sai da amfani. Duk garin da ke son kayan kakanninsa su kai ga jikoki, ya samar masu aikin yi tun kafin gatari ya iso.