Tun Ran Gini Ran Zane: Tarihin Jin Ta Bakin Jama'a a Hukumomin Amurka

A watan Disamba na 1934 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar da kamfanin tace mai na Panama Refining ya shigar a kan ƙa'idojin man fetur na gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt. Zamani ne na karayar tattalin arziki, gwamnati na ta kafa sababbin hukumomi, su kuma suna ta fitar da ƙa'idoji ba dare ba rana. A wannan shari'a ne asiri ya fito fili: sakin layin da ya mai da haƙo mai fiye da ƙima laifi, ashe an goge shi bisa kuskure tun watan Satumba na 1933 wajen yi wa ƙa'idar gyara, ba wanda ya lura, har aka gurfanar da mutane a kan dokar da babu ita. Lauyan masu ƙara ya shaida wa alƙalai cewa kwafi ɗaya tilo da ya sani yana cikin aljihun baya na wani jami'i da aka turo Texas daga Washington. A wannan watan ne kuma Erwin Griswold, matashin malamin shari'a a Harvard, ya buga maƙala yana kiran a riƙa wallafa ƙa'idojin hukumomi a wuri guda. Majalisa ta yi dokar hakan a Yulin 1935, gazet ɗin tarayya mai suna Federal Register ya fara fitowa ranar 14 ga Maris, 1936.

Wanda ya bi tarihin abin da ya biyo baya zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Duk lokacin da aka buɗe wa jama'a ƙofa a wani mataki na kafa ƙa'ida, sai ainihin yanke shawara ya sulale ya koma matakin da ke gabansa, inda ba fitila. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yaushe aka ji ta bakin mutane, tun kafin a zo ga batun yawan waɗanda aka saurara.

Gazet ɗin 1936 ya ba ɗan ƙasa damar sanin abin da aka riga aka ɗora masa, bai ba shi bakin magana ba. A kan wannan aka kwashe shekara goma ana kai ruwa rana. Masu adawa da Roosevelt da manyan lauyoyi suka tura ƙudirin Walter-Logan wanda zai ɗaure hukumomi tamau, Roosevelt kuwa ya hau kujerar na-ƙi a Disamban 1940. Kwamitin da Antoni Janar ya kafa ya fitar da rahotonsa a 1941, yaƙin duniya ya shiga tsakani, sai ranar 11 ga Yuni, 1946 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a Dokar Tsarin Gudanarwa. Sashen da ya shafi kafa ƙa'ida gajere ne ƙwarai: hukuma ta buga sanarwar abin da take niyyar yi, ta ba masu ruwa da tsaki damar aiko da ra'ayinsu a rubuce, ta yi taƙaitaccen bayanin dalilinta, sannan a jira kwana 30 kafin ƙa'idar ta fara aiki. Dokar ba ta ce uffan ba a kan watanni ko shekarun da ake kwashewa ana rubuta daftarin.

Kotuna ne suka sa wa wannan ɗan sashe haƙora a shekarun 1970, kuma shari'ar da ta fi nuna amfaninsu a kan kifi aka yi ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta kafa ƙa'ida a 1970 cewa duk mai banda kifi sai ya gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 82 a ma'aunin Salsiyas na tsawon minti 30, idan gishirinsa kaɗan ne, don kashe ƙwayar cuta mai haddasa guba a abinci. Masu sana'ar suka ce akwai wani nau'in farin kifi da wannan zafi zai dagargaza har ya ƙi sayuwa, suka roƙi a ware wa kowane nau'i ma'auninsa. Hukumar ta yi biris, ba ta kuma nuna binciken kimiyyar da ta dogara da shi ba. A 1977, a shari'ar kamfanin Nova Scotia Food Products, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi tilasta ƙa'idar a kan wannan kifi. Hujjarta mai sauƙi ce: wanda aka ɓoye masa bayanan da aka yi aiki da su, ba a ba shi damar magana ba ko da an karɓi wasiƙarsa, kuma hukuma ba ta da ikon tsallake ƙorafi mai nauyi ba tare da amsa ba.

Nasara ce, amma ta zo da wani sakamako da ba a yi tsammani ba. Tunda hukuma ta san za a tsefe aikinta a kotu, sai ta daina fito da daftari har sai ta gama tattara hujjoji, ta ƙirga kuɗin da abin zai ci, lauyoyinta sun toshe kowace kafa. Ga kuma wata ƙa'ida da kotuna suka kafa, cewa idan sigar ƙarshe ta yi nisa da daftarin da aka sanar, sai a sake sanarwa daga farko. Ma'aikacin da ya ba daftari shekara uku na rayuwarsa, ya kuma san cewa babban canji zai mayar da hannun agogo baya, ba zai yi maraba da shawarar da za ta rusa ginshiƙin aikinsa ba. E. Donald Elliott, wanda ya taɓa zama babban lauyan hukumar kare muhalli, ya rubuta a 1992 cewa ba shugaban hukumar da ke komawa ga wannan tsari na sanarwa da karɓar ra'ayi idan da gaske yana neman shawara. Ya kwatanta shi da wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, inda ake nuna abin da aka riga aka shirya a bayan fage.

To su wa ke bayan fagen? A shari'ar Home Box Office ta 1977 kotu ta umarci hukumar sadarwa ta kawo jerin ganawar da ta yi da masu sha'awa a wajen tsarin da aka sani, sai ga takarda mai shafi sama da 60. Kotun ta yi tir da abin, amma ta ce tuntuɓar da aka yi kafin fitar da sanarwa ba dole ba ne a saka ta a fayil ɗin da jama'a ke gani. Wendy Wagner da abokan aikinta sun bi diddigin ƙa'idoji 90 na hukumar muhalli a kan gurɓataccen hayaƙi, suka buga sakamakon a 2011: kafin a fitar da daftari, masana'antu sun tuntuɓi hukumar sama da sau 80 a kan kowace ƙa'ida idan aka yi raba daidai, ƙungiyoyin kare muradun jama'a kuwa ko sau ɗaya ba su cika ba.

Akwai masu cewa buɗe ƙofa da wuri ɓata lokaci ne, kuma suna da abin kafa hujja. A 1990 aka yi dokar da ta ba hukumomi damar zaunar da ɓangarori a teburi ɗaya su sasanta daftari tun farko, amma binciken Cary Coglianese na 1997 ya nuna hanyar ba ta rage lokaci ko yawan ƙararraki yadda aka yi zato ba. Sai dai abin da wannan ya tabbatar shi ne neman yardar kowa da kowa yana da wuya. Sanar da cewa an fara tunanin wata matsala, da buɗe fayil, da rubuta sunan duk wanda ya zo da abin da ya kawo, ba sa buƙatar yardar kowa. Wasu kuma na cewa masu kuɗi ne za su cika ɗakin idan aka buɗe da wuri. Alƙaluman Wagner sun amsa wannan: suna ciki tun tuni, abin da ya rage shi ne ko za a gan su.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne jama'a ba su da ilimin da waɗannan batutuwa ke nema, hayaniya kawai za su ƙara. Ana yawan kawo misalin 2017, lokacin da hukumar sadarwa ta karɓi saƙonni sama da miliyan 22 a kan soke ƙa'idar da ta hana kamfanonin intanet fifita wasu shafuka a kan wasu. Ofishin Antoni Janar na jihar New York ya gano a 2021 cewa kusan miliyan 18 na bogi ne: sama da miliyan 8 sun fito daga kamfe ɗin da kamfanoni suka biya kuɗinsa, fiye da miliyan 7 kuma ɗalibi ɗaya ɗan shekara 19 ne ya ƙirƙira su. Amma wannan ambaliya a ƙarshen tafiya ta auku, lokacin da tambayar da ta rage ita ce e ko a'a, kuma kowa ya san inda ƙuri'un kwamishinonin hukumar suka karkata. Mai bandar kifin 1970 ba ƙuri'a ya zo kaɗawa ba. Ya san abin da wuta ke yi wa naman kifinsa, ilimin da babu shi a ofis, kuma irin wannan ilimi ya fi amfani tun ba a zaɓi lamba an gina komai a kanta ba.

Shugabanni sun gane haka. Umarnin da Bill Clinton ya sa wa hannu a Satumban 1993 ya nemi hukumomi su tuntuɓi waɗanda ƙa'ida za ta amfana da waɗanda za ta ɗora wa nauyi kafin fitar da sanarwa, su kuma ba da aƙalla kwana 60 na karɓar ra'ayi a mafi yawan lokuta. Barack Obama ya nanata wannan a 2011. Amma umarnin shugaban ƙasa ba dokar majalisa ba ne: wanda ya gaje shi na iya soke shi da sa hannu ɗaya, kuma rubutun umarnin da kansa ya ce ba wanda zai iya kai hukuma kotu don ta ƙi bin sa.