Saƙon ƙarya mai neman lambar sirri: yadda ake gane shi, da yadda ake tsira

Yau kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa daga Kano, Legas, Agadas, Aljeriya ko Libiya ba ya jiran direban mota. Cikin salula yake shigowa, ta Airtel Money ko Moov Money, ko a je a karɓa a ofishin Nita, Amana ko Al Izza. Masu hulɗa da kasuwar Maigatari kuwa, da yawansu sun buɗe OPay ko Moniepoint. Da kuɗi suka koma cikin waya, ɓarayi ma sun bi su can. Shi ya sa muka tattaro wa jama'ar Guci, Dungas da Magarya, da ƴan uwanmu na waje, wannan bayani.

Mene ne wannan damfara?

Sunanta da Faransanci da Turanci duk daga kamun kifi aka samo shi: a sa tsutsa a ƙugiya, a jefa, a jira. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka san ta a Amurka, lokacin da ake yaudarar masu amfani da kamfanin AOL. Ɓarawo ya aiko saƙo da sunan banki ko kamfanin waya, ta imel, ta SMS, ta WhatsApp ko Facebook, ko ya kira kai tsaye. Abin da yake nema ɗaya ne: lambar sirrinku. In ba ita, da wuya ya taɓa asusun. Dabararsa duka ita ce ya sa ku ba shi da hannunku.

Siffofin da aka fi gani

Na farko, saƙon tsoratarwa: wai za a rufe asusunku yau in ba ku taɓa wani adireshin intanet ba. Kuna taɓawa sai shafi ya buɗe mai tambarin kamfani sak, amma na ɓarawo ne, duk abin da kuka rubuta wurinsa yake zuwa. Ƴan uwanmu da ke Turai da Amurka sun san irinsa da sunan PayPal.

Na biyu, saƙon kwaɗaitarwa: kun ci kyauta, ko sunanku ya fito a tallafin wata ƙungiya, sai dai ku fara biyan jaka biyu kuɗin takarda. Tallafin gaskiya ta hannun mai gari da ma'aikatar magajin gari ake jin labarinsa, kuma ba a sayensa.

Na uku, "na yi kuskure": saƙo ya shigo wai an zuba muku jaka ashirin, sai wani ya kira yana roƙo don Allah a mayar masa. Ku duba asusun da kanku tukuna. Sau da yawa ko dala ba ta shiga ba, shi ya rubuta saƙon.

Na huɗu, satar WhatsApp: a ce an tura muku lambobi 6 bisa kuskure, ku karanto. Kuna faɗa, an ƙwace layinku na WhatsApp, sai a bi danginku ɗaya ɗaya da sunanku da hotonku ana cewa kuna asibiti.

Alamomin ganewa

Gaggawa ce babbar alama: yanzu-yanzu, kada ku gaya wa kowa. Sai lambar da saƙon ya fito: na kamfani da sunan kamfani yake zuwa, ba da lambar mutum mai alƙaluma 8 ba. Lambar Nijar da +227 take farawa, ta Najeriya da +234, to wanda ya ce daga ofishin Yamai yake amma lambarsa ta wata ƙasa ce, kun ga alama. A imel, ku dubi abin da ke bayan alamar @, don sukan sauya harafi ɗaya cikin sunan kamfanin. Kada iya Hausa ko Faransancin mai kira ya ruɗe ku, ko don ya san sunanku da na garinku.

Abin da za mu riƙe

Babu ma'aikacin banki ko na kamfanin waya da aikinsa ya haɗa da tambayar lambar sirri. Duk wanda ya tambaya, ku kashe waya. In ɗan uwa ya nemi kuɗi ta saƙo, ku kira shi a lambar da kuka sani, ku tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani. Kada a sa shekarar haihuwa ko 1234 a matsayin lambar sirri, kada a rubuta ta a bayan salula. Dattawan da ba sa karatu su zaɓi mutum ɗaya amintacce, ba duk yaron da ke wurin cajin waya ba. Masu WhatsApp su kunna kariya ta biyu da ke cikin saitinsa. Ku da ke waje, in kun aiko kuɗi, ku kira gida ku faɗi adadin da bakinku. A ƙara sa ido lokacin kaka da aka sayar da riɗi da wake, da gab da sallar layya, sa'ad da kuɗi ke yawo.

In an riga an faɗa tarko

A sauya lambar sirri nan take. A je ofishin kamfanin da katin ɗan ƙasa a nemi a tsayar da asusun. Kada a goge saƙon ko lambar da ta kira, su ne shaida. Sannan a kai ƙara wurin jandarmomi ko ƴan sanda. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, Najeriya ma tana da tata tun 2015. Kuma a sanar da dangi da maƙwabta. Kunya ce ke sa mutane yin shiru, shirun nan kuwa shi ke ba ɓarawo damar kiran gida na gaba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare mana guminmu.