Katun ɗin da ka haɗa da gem ɗin wasu, na waye?

Yanzu da wuya ka shiga hostel ba ka tarar da wani yana naɗar GTA ko Free Fire a waya yana ɗora muryar Hausa a kai, da fatan wata rana YouTube za ta fara biyansa. Kafin mutum ya zuba data da lokacin karatunsa, ya kamata ya ji yadda waɗanda suka riga mu a harkar suka ƙare.

Abin ya faro ne a 1996, lokacin da kamfanin id Software na Amurka ya fitar da gem mai suna Quake. Gem ɗin yana ba ka damar naɗar wasan da ka buga don ka sake kallo. Sai wasu 'yan wasa da ke kiran kansu Rangers suka ce maimakon harbe-harbe kawai, bari su tsara labari. Suka fitar da Diary of a Camper, wanda bai kai minti biyu ba, hirar cikinsa ma rubutu ce. Shi ake ɗauka a matsayin na farko. A 2000 Hugh Hancock na Scotland ya buɗe shafin intanet don irin waɗannan finafinai, sunan mashinima ya bi duniya.

Tun kafin nan kotu ta riga ta yi magana. A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci kan kamfanin Micro Star, wanda ya tattara matakai 300 da masoyan Duke Nukem 3D suka ƙirƙira ya sa a faifai yana sayarwa. Kotu ta ce waɗannan matakai ci gaban labarin gem ɗin ne, kuma mai gem ne kaɗai yake da ikon sayar da ci gaban labarinsa. Wato guminka daban, mallaka daban.

A 2003 wasu abokai a jihar Texas suka fara Red vs. Blue da gem ɗin Halo. Sojojin ciki kowa fuskarsa a rufe da hular ƙarfe, ba a ganin baki, sai suka riƙa gyaɗa kan sojan sama da ƙasa don a gane shi ke magana. Abin da ya ja jama'a shi ne rahar da suka rubuta da kansu. Microsoft ta bar su suka ci gaba, har suka kafa kamfanin Rooster Teeth. Amma ku lura, alfarma aka yi musu. A 2007 Microsoft ta fitar da ƙa'idoji ga kowa: ka yi fim ɗinka, ban da kasuwanci, kuma tana iya janye izinin.

Da kuɗin talla ya shigo YouTube sai rigima ta canja salo. A 2013 Nintendo ta fara karɓe kuɗin tallar bidiyon da ke nuna gem ɗinta. A 2015 ta koma raba kuɗin, mai bidiyo ya samu kashi 60 ko 70 cikin ɗari. Ba ta soke tsarin ba sai ƙarshen 2018.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne na shafin Hancock, wanda bayan ya bar hannunsa ya zama babban kamfani mai suna Machinima. Matasa da yawa sun sa hannu a yarjejeniya da shi, daga baya suka gano wasu takardun ba su da ranar ƙarewa. A Janairun 2019, bayan kamfanin ya koma hannun wasu masu shi, aka wayi gari an rufe bidiyoyin da ke tasharsa gaba ɗaya. Aikin sama da shekara goma, wanda bai ajiye kwafinsa ba ya yi asara.

Sai na bayan nan, Skibidi Toilet, wanda ƙannenmu suka fi mu sani. Alexey Gerasimov ya fara shi a Fabrairun 2023 da Source Filmmaker, manhajar da kamfanin Valve ya saki kyauta a 2012. Kan mutumin nan da ke leƙowa daga masai ma daga gem ɗin Half-Life 2 aka ɗauko shi. Duk da haka a 2024 Garry Newman, mai gem ɗin Garry's Mod, ya bayyana cewa an aiko masa takardar ƙorafin haƙƙin mallaka kan surorin Skibidi da ke cikin gem ɗinsa. Gerasimov ya ce ba shi ya aika ba. Ko ma waye, kun ga abin dariyar: an gina abu da kayan aro, an dawo ana cewa kada kowa ya ara.

To ina muka tsaya? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bar ƙofa ga barkwanci da kwaikwayon raha, amma YouTube ba ta jiran kotun Najeriya. Manhajarta ce ke gano sauti da hoto da kanta, kuma gargaɗin haƙƙin mallaka uku cikin kwana 90 suna iya rufe tasha. Sau da yawa ma waƙa ce ke jawo matsala, domin waƙoƙin rediyon motar GTA na mawaƙa ne da kamfanoninsu.

Shawarata ga masu yi: ku karanta ƙa'idar kamfanin gem ɗin kafin ku fara, ku kashe waƙar ciki, ku ajiye kwafin aikinku a wajen YouTube, kuma kada ku sa hannu a takardar da ba ta faɗi ranar ƙarewa ba. Ga 'yan uwanmu masu karanta shari'a nan, ku kai musu su duba.

Sannan ku fi ba labari da murya ƙarfi. Zanen aro ba ya rufe katara, amma labarin da ka rubuta da raharka ta Hausa kana iya ɗauke su ka koma wata manhajar, irin su Blender da take kyauta, ka zana mutanenka da kanka. Masu tasha a cikinmu, wa aka taɓa riƙe wa bidiyo, kuma me aka ce dalili?