Tarihin Bishara da Hidimar Ikilisiya a Tsakanin Maguzawan Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore har zuwa Doguwa, idan ya saki kwalta ya shiga ƙauyuka zai riƙa cin karo da ƙananan majami'u, wasu na laka, wasu na bulo da rufin kwano. Masu ibada a cikinsu ba baƙi ba ne. Hausawa ne 'yan ƙasa, jikokin Maguzawa, da Hausa suke wa'azi, da ita suke waƙa. Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana yadda addinin Kirista ya iso yankin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da yadda ikilisiyoyinsa suke renon mabiyansu, da irin hidimar da suke yi wa jama'a. Na ga ya dace a rubuta wannan domin malaman makaranta, saboda a ajinsu ne 'ya'yan waɗannan mutane suke zaune kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan Musulmi, alhali littattafan tarihin Kano da ake koyarwa ba su cika ambaton su ba.

Maguzawa Kafin Zuwan Mishan

Maguzawa su ne Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin gargajiya bayan Musulunci ya kafu a birane. Masana da dama suna ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar Larabci ta Majusu, kuma wannan suna ya ba su matsayin mutanen amana, waɗanda ake karɓar jiziya daga hannunsu a bar su da al'adarsu. Ko bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 wannan tsari bai rushe ba. Suna zaune ne a manyan gidaje a tsakiyar gonakinsu, nesa da gari, gida ɗaya yakan ƙunshi mutane masu yawa a ƙarƙashin maigida guda, ana noman gandu tare. Matansu suna noma, suna dafa giya, suna cin kasuwa. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya kuma wallafa littafi a kan addininsu a 1946.

Abin lura a nan shi ne, Bamaguje yana da hatsi da dabbobi, amma ba shi da karatu, ba shi kuma da murya a gaban alƙali ko hakimi sai ta bakin wani. Wannan giɓi shi ne ƙofar da mishan ta shigo ta cikinta daga baya.

Ƙofar da Aka Daɗe da Rufewa

Yunƙurin farko na kawo bishara Kano bai yi nasara ba. A shekarar 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya iso birni da tawagarsa, cikinsu har da Likita Walter Miller, amma Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A farkon 1903 rundunar Turawa ta fasa ganuwar Bebeji a kan hanyarta, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sai dai cin ƙasa bai buɗe wa mishan hanya ba, domin Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma razdan-razdan da suka biyo baya sun riƙe wannan alkawari a matsayin dalilin hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi. Majami'un da aka gina a Sabon Garin Kano na ma'aikatan jirgin ƙasa ne da 'yan kasuwa daga Kudu, ba su da wata alaƙa da mutanen karkara.

Ta gefen Zazzau kuwa al'amarin ya ɗan bambanta. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kuma a wajen 1913 wasu daga cikin Isawa, wato almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa, suka neme shi, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya watsa wannan mazauni, amma daga zuriyarsu ne aka sami mutane irin su Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan fassara ita ce jarin da duk masu bisharar da suka zo daga baya suka yi aiki da shi.

Magani Ya Riga Wa'azi Shiga

A farkon shekarun 1930, zamanin Gwamna Kamaru da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka sassauta takunkumin. Ƙungiyar S.I.M., wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka assasa a 1893, ta sami wurin zama a Kano a 1933. Abin da ya ba ta gindin zama sosai shi ne kuturta. A 1937 aka danƙa mata kula da mazaunan kutare na En'e: Amanawa a lardin Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da na Kano wanda yake a Sumaila kafin a mayar da shi Yadakunya. A 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yanzu yake aiki a hannun ikilisiyar ECWA. Daga nan tashoshi suka bazu a lardin, kamar Roni da Kabo inda aka yi makarantun yara, da Tofa inda aka yi makarantar Littafi Mai Tsarki, da Gani a ƙasar Sumaila, wadda take maƙwabtaka da yankin da muke magana a kai.

Ba a sakar wa mishan mara gaba ɗaya ba. An hana su wa'azi a kasuwa da kusa da masallaci, an kuma hana su koyar da addini ga 'ya'yan Musulmi waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Waɗannan sharuɗɗa su ne suka karkata hankalinsu zuwa ga Maguzawa, waɗanda dokar ba ta tsananta a kansu ba. Har ila yau, lokacin da ƙwayar dafson ta maye gurbin tsohuwar allurar mai a shekarun 1950, sai ya zamana ba dole ne kuturu ya bar gidansa ya tare a mazauni ba. Aka buɗe ƙananan wuraren rabon magani a ƙauyuka, kuma da yawa daga masu rabon tsofaffin majinyata ne da suka koyi karatu a mazaunin, suka zama Kirista. Saboda haka a wurare da dama mai ba da magani shi ne Kirista na farko da mutanen ƙauye suka fara sani.

Masu Bishara 'Yan Ƙasa

A nan nake son mai karatu ya tsaya ya lura, domin akwai kuskuren da ya yaɗu, wai Turawa ne suka mayar da Maguzawa Kirista. Turawan mishan ba su da yawa, kuma galibi suna tsare ne a asibiti da makaranta. Waɗanda suka shiga lungu baƙaƙen fata ne. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda daga baya aka sani da E.M.S., a 1954 kuma ikilisiyoyin S.I.M. suka haɗu suka zama ECWA. Ikilisiyoyin Tangale da kudancin Zariya da Filato su ne suka riƙa tara kuɗi da hatsi suna aiko da 'ya'yansu.

Yadda mai bishara yake fara aiki a ƙauye kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yakan zo da matarsa, ya nemi izinin maigida da mai unguwa, a yanka masa gona, ya yi bukka a gefen gida. Da rana yana noma kamar kowa, ana gayya da shi. Da dare sai ya kunna fitila ya tara samari yana koya musu a, ba, ca, har su iya haɗa baƙi su karanta Linjila. Matarsa kuwa tana shiga cikin mata, tana taimakawa wajen haihuwa da jinyar yara. Akan yi shekaru kafin mutum ɗaya ya amsa, kuma samari ne kan fara, dattawa su biyo baya ko kuma su mutu a kan al'adar iyayensu. Gidan rediyon ELWA da ke Laberiya, wanda ya fara aiki a 1954, ya taimaka da shirye-shiryensa na Hausa, haka ma shirin Sabon Rai Don Kowa da aka ƙaddamar a farkon shekarun 1960, wanda ya koya wa talakan ikilisiya fita wa'azi da kansa ba sai ya jira fasto ba.

A daidai wannan lokaci ne Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadinsa na musuluntarwa, tsakanin 1963 da 1965. Daga nan zama a tsakiya ya yi wa Bamaguje wuya, domin makaranta da asibiti da takardun gwamnati duk suna tambayar addinin mutum. Da yawa suka musulunta, wasu suka shiga Kirista, har ya zama a gida ɗaya ana samun wa Musulmi, ƙane Kirista. Katolika da Angilika su ma sun shigo karkara da katikis da makarantunsu. An kafa dayosis ɗin Angilika na Kano a 1980, na Katolika ya cika a 1999, daga baya kuma Angilika ta yanka dayosis na Bari a ƙasar Rogo domin Hausawan karkara.

Almajirantarwa

Kiristocin Hausa suna amfani da kalmar almajirantarwa ga renon sabon mai bi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa daga kalmar almajiri ta fito, wadda kowa ya sani a makarantar allo. Wanda ya amsa bishara ba nan take ake yi masa baftisma ba. Sai ya shiga ajin baftisma na tsawon watanni, dattawan ikilisiya suna lura da zamansa. Abubuwa uku ne suka fi zama gwaji ga Bamaguje: barin giya, barin yanka wa iskoki, da maganar auren mace fiye da ɗaya. Giya ta fi wuya, domin ita ce sana'ar mata, da ita ake gayya da biki da makoki. Ikilisiyoyin ECWA sun haramta ta ƙwarai, Katolika kuwa ba ta tsananta haka ba.

Bayan baftisma kowa yana da rukuninsa. Yara suna makarantar Lahadi, samari da 'yan mata suna birged da ƙungiyar matasa da ta mawaƙa, mata kuma suna Zumuntar Mata. A ganina Zumuntar Mata ita ce ƙashin bayan ikilisiyar karkara. Su ne masu waƙa da tulu da kacau-kacau a kan karin gargajiya, su ne masu ziyarar marar lafiya da mai jego, kuma ta hannunsu ne mata da yawa da ba su taɓa shiga aji ba suka iya karatu.

Hidima ga Mabukata

Ikilisiyar ƙauye ba ta da kuɗi, abin da take da shi hatsi ne da ƙarfin jiki. Ana tara baiko ranar Lahadi, ana fitar da zakkar amfanin gona kashi ɗaya cikin goma, da kaka kuma a yi sujadar godiya inda kowa yake kawo damin dawa ko buhun masara. Daga wannan rumbu ake ciyar da fasto, a taimaki gwauraye da marayu, a kai gudummawa ga mai bisharar da ke sabon wuri. Akan yi wa tsohuwar da ba ta da mai noma gayya, a haɗa kuɗin kai marar lafiya asibiti. Waɗannan duka ba baƙin abubuwa ba ne ga Bahaushe. Gayya da gudummawa da zumunci sun riga coci zuwa, abin da ikilisiya ta yi shi ne ta ba su tsari da ranaku da ma'aji.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan, a 1976 kuma shirin ilmin firamare kyauta ya kai makaranta ƙauyuka. Duk da haka ikilisiyoyi sun ci gaba da riƙe ƙananan ɗakunan shan magani da makarantu, kuma ba a tambayar addinin wanda ya zo da ciwo. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na sha ganin Fulanin daji da Musulmin gari a layi ɗaya da Kirista a irin waɗannan wurare.

Zaman Tare da Ƙalubalensa

Ba zai yiwu a rubuta wannan tarihi a tsallake wuraren da ya yi ɗaci ba. A watan Satumba na 2007 rikici ya tashi daga wata makarantar sakandare a Tudun Wadan Ɗankadai bisa zargin ɓatanci, aka rasa rayuka, aka ƙona majami'u da dukiya. Baya ga wannan, Hausawa Kirista, ta bakin ƙungiyarsu ta Tarayyar Masihiyawa, sun daɗe suna kuka a kan wahalar samun filin gina majami'a, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda akan yi shakkar zamansu 'yan asalin jiha saboda sunayensu. Su ma Musulmi suna da nasu ƙorafi, cewa akan yi amfani da magani da makaranta a ja hankalin talaka. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma sanin yadda abin ya faro shi ne zai sa a yi maganar da hankali.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Kiristancin wannan yanki ya tsiro ne daga abubuwa uku: matsayin Maguzawa na mutanen gefe, da dokokin mulkin mallaka da suka tura mishan zuwa gare su, da haƙurin masu bishara 'yan ƙasa waɗanda suka haɗa wa'azi da karatu da jinya. Tsofaffin da suka ga farkon al'amarin suna ƙarewa. Ina kira ga malaman makarantun Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa da su tura ɗalibansu, Musulmi da Kirista, su zauna da waɗannan dattawa, su rubuto sunan mai bisharar farko na kowane ƙauye, da shekarar da ya zo, da wanda ya ba shi masauki, tare da duba littattafan baftisma da ke ajiye a majami'u kafin gara ta cinye su. Hukumar tarihi kuma ta tanadi wurin adana abin da aka tattaro. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.